Haɗin wake mai sanyi da kayan lambu: me ya sa nawa yake caɓewa?

Uwargida daga Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wani abinci da na ƙwallafa rai a kansa tun shigowar bazara. A bayan ɗakina akwai ɗan fili da bai wuce taku goma ba, inda na shuka tumatir da kokwamba da albasa mai lawashi da ɗan lansir, kuma Allah ya sa musu albarka har sun fi ƙarfin tukunyar miya. Da yake zafin watan Afrilu a Kano yakan haura digiri 40, maigida da yara ba sa marmarin abinci mai tururi da rana, sai na yi tunanin in dafa wake in bar shi ya huce, in haɗa shi da waɗannan kayan a ci da sanyinsa. Sau biyu ke nan ina gwadawa. A karon farko waken ya caɓe, ina juya shi da cokali ya koma kamar fate. A karo na biyu kuma ruwa ya taru a ƙasan kwanon, waken ya yi lami kamar bai taɓa ganin gishiri ba. Yadda nake yi shi ne in auna gwangwani 3 na farin wake, in jefa kanwa kamar yadda nake yi wa wake da shinkafa, idan ya dahu in sa shi a firji, daga baya in yanka kayan lambun in zuba gishiri da bama, in rufe har lokacin cin abinci. Don Allah ina kuskuren yake?

Hajiya mai girkin biki, Zariya:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kuskuren farko yana wajen kanwa. Aikin kanwa shi ne ta sassauta jikin wake don ya yi laushi da wuri, kuma wannan abin so ne a faten wake ko a wake da shinkafa, amma wanda za a juya shi da ɗanyun kayan lambu ana bukatar kowace ƙwaya ta fito da siffarta. Ki tsince waken, ki wanke, ki jiƙa shi na awa 4 zuwa 6, ki zubar da ruwan jiƙon, sannan ki ɗora shi a sabon ruwa mai yawa wanda ya sha kansa sosai. Idan ya tafasa ki rage wuta, domin tafasa mai ƙarfi ita ce take bugun ƙwayoyin da juna har ɓawonsu ya yage. Daga minti 25 ki fara ɗebo ƙwaya ɗaya kina matsawa tsakanin yatsu: idan ta murƙushe ba tare da wani tauri a tsakiya ba, kuma ɓawon yana nan bai fashe ba, to ki sauke nan take ki tsane a kwando. Kada ki dogara da agogo kaɗai, domin sabon wake na kaka da wanda ya kwana biyu a rumbu ba lokaci ɗaya suke ɗauka ba.

Kuskure na biyu shi ne kin bari ya yi sanyi kafin ki ba shi ɗanɗano. Wake yana shan gishiri da tsami ne a lokacin da yake da ɗumi. Yana tsanewa, tururi bai gama fita ba, ki zuba masa ruwan lemun tsami cokali 3, man gyaɗa cokali 6, gishiri da ɗan dakakken masoro, ki juya a hankali da faffaɗan cokali daga ƙasa zuwa sama, sannan ki baza shi a faranti ya huce. Amma kada ki matsa lemun a cikin tukunya tun yana kan wuta, domin tsami yana ƙarfafa ɓawon wake, sai ki wuni kina hura wuta bai dahu ba.

Inna daga Katsina:
Hajiya, ban ƙi maganarki gaba ɗaya ba, amma batun cire kanwa bai kwanta mini ba. Mu tun tasowarmu ba mu san a dafa wake babu kanwa ba, kuma iyayenmu sun ce ita ce take kashe masa kaifi don kada ya kumbura ciki. Yanzu a ce babu kanwa, kuma a ci shi da sanyi, ina jin tsoron abin da zai yi wa cikin yara da tsofaffi. Sannan ina so in tambayi 'yata mai tambaya: me ya kai bama cikin wannan abinci? Abin da kike son yi ai kwaɗo ne. Muna kwaɗa zogale da rama da tafasa da lansir da kabeji, kuma duk da garin ƙuli-ƙuli muke yi, da albasa da tumatir da barkono da ɗan mai. Idan kika ƙara dafaffen wake a kai, kin samu abinci mai riƙe ciki wanda ba sai kin sayi kwalbar komai a kanti ba.

Ma'aikaciyar jinya, Kaduna:
Inna, Allah ya ƙara girma. Damuwarki a kan kumburin ciki tana da tushe, sai dai ba kanwa ce kaɗai mafita ba. Abin da yake kawo iskar shi ne wasu nau'o'in sukari da ke cikin wake waɗanda ƙaramin hanjinmu ba ya iya narkarwa, sai sun gangara babban hanji ƙwayoyin halitta su ci su, su fitar da iska. Waɗannan sukarin suna narkewa a ruwa, shi ya sa jiƙawa da zubar da ruwan jiƙon, kamar yadda Hajiya ta faɗa, yake rage wani kaso daga cikinsu. Wanda kuma ya saba cin wake a kai a kai, cikinsa yakan daidaita da shi. Ita kanwa idan ta yi yawa tana lalata bitamin B1 da ke cikin waken. Sanyin waken shi kansa ba abin tsoro ba ne, matuƙar ya dahu har tsakiya.

A nan ne nake so in ja hankali a kan wani abu da ya fi kumburi haɗari. Hajiya ta ce a sauke wake kafin ya fashe, ba ta ce a sauke shi da gurus-gurus ba. Wannan ya fi muhimmanci ga masu sayen jan wake mai siffar ƙoda da ake sayarwa a manyan kantuna, domin yana ɗauke da wani sinadari mai sa amai da gudawa cikin 'yan awanni idan bai dahu ba, kuma ƙwayoyi 4 ko 5 kacal na ɗanyensa sun isa su kwantar da mutum. Shi dole ne a jiƙa shi ya kwana, a bar shi ya tafasa da ƙarfi na aƙalla minti 10, sannan a rage wuta ya ƙarasa.

Uwargida daga Kano:
Na gode ƙwarai. Inna, gaskiya ban taɓa kallonsa a matsayin kwaɗo ba, bama kuwa na sa ne don na ga haka ake yi wa haɗin salak a gidajen biki. To amma har yanzu ban gane daga ina ruwan nan da ya taru a ƙasan kwano ya fito ba, alhali na tsane waken sosai.

Mai lambu daga Kura:
Uwargida, ruwan daga lambunki ya fito, ba daga tukunya ba. Kokwamba kusan kashi 95 cikin 100 na jikinta ruwa ne, tumatir ma bai yi nisa da haka ba, kuma da zarar gishiri ya taɓa su bayan an yanka, sai su fara tsiyaya. Kin sa musu gishiri kin rufe na awanni, dole ki tarar da tafki. Ki raba kokwambar gida biyu a tsaye, ki kankare 'ya'yan da ƙaramin cokali, ki yanka ƙanana, ki barbaɗa ɗan gishiri ki bar ta a kwando na minti 15 ta zubar da abin da za ta zubar. Tumatir kuma ki zaɓi mai tauri mai tsoka, irin dogon nan da muke lodawa zuwa kudu, ki cire ruwan cikin da 'ya'yan ki ajiye don miya.

Shekara da shekaru ina noman rani a nan da ruwan da ke zuwa daga madatsar Tiga, kuma abin da na lura shi ne lokacin tsinka yana canza ɗanɗano fiye da yadda mutane suke zato. Ki shiga lambun da sassafe bayan asuba, kafin rana ta taɓa ganyen. A lokacin kokwamba tana cike, idan kika karya ta za ki ji ƙas, amma wadda aka tsinka da azahar ta riga ta yi yaushi. Ki kuma ɗanɗana gefen da ke manne da reshe kafin ki yanka, domin kokwambar da ta sha ƙishirwa a zafi takan yi ɗaci daga wannan gefen. Latas ba na ba ki shawarar sa shi a wannan wata, domin da zafi ya tsananta sai ya miƙe ya yi tsiri ya fara fure, ganyen ya yi ɗaci. Lansir ɗinki da lawashi sun wadatar. Idan kuma kokwambar ta ƙare, gurji yana yin aikinta, har ya fi ta jure zafinmu.

Hajiya mai girkin biki, Zariya:
Malam ya faɗi gaskiya, kuma ƙa'idar da nake bi ke nan ko da abincin mutum ɗari ne: wake shi kaɗai da lemunsa da mansa a mazubi ɗaya, yankakkun kayan lambu a wani, ba sa haɗuwa sai an zo zubawa. Albasa ce kawai nake yi wa dabam. Nakan yanka ta siriri in jiƙa a ruwan lemun tsami na minti 10, sai zafinta ya mutu, idan ja ce kuma launinta ya ƙara fitowa.

Game da maganar Inna, ina tare da ita a kan barin bama, amma ina da ja a kan zuba garin ƙuli tun farko. Ƙuli yana shan ruwa, yana kumbura, bayan rabin awa sai ka ga kwaɗon ya yi nauyi ya danƙare, kuma wake da ma abu ne mai gari a jikinsa. Zogale da rama suna jure wannan domin ganye ne. Idan za a sa shi a kan wake, a barbaɗa a sama a lokacin ci.

Inna daga Katsina:
To Hajiya, ai ba a zuba ƙuli a bushe. Damawa ake yi da ɗan ruwa da mai har ya yi kauri kamar kunu, a sa barkono da gishiri a ciki, sannan a kwaɗa. Wanda ya danƙare, hannun mai yin ne ya yi nauyi. Kuma kwaɗo ba abincin ajiya ba ne, ana gamawa ake kewaye kwano a cinye. Amma na karɓi bayanin 'yata ma'aikaciyar jinya a kan jiƙo, zan gwada in ga yadda cikina zai karɓa.

Ɗalibi a Turkiyya:
Gaisuwa ga iyayena. Ina bin wannan muhawara da sha'awa domin abin da ake gardama a kansa na tarar da shi a nan. Turkawa suna da wani haɗin farin wake mai sanyi da suke kira piyaz, wanda ake ci musamman tare da gasasshen niƙaƙƙen nama. Asalinsa wake ne da albasa da faski da man zaitun da khal ko lemun tsami, wasu su ɗora tumatir da dafaffen ƙwai. Wannan shi ne tsarin Hajiya. Amma a birnin Antalya suna dama niƙaƙƙen riɗi da lemun tsami da tafarnuwa da ɗan ruwa, su kwarara a kan waken, wanda kusan shi ne tsarin Inna, sai dai riɗi ya maye gurbin gyaɗa. Na ci duka biyun, kuma abin da na lura shi ne damun riɗin nasu yana da ruwa-ruwa, yana gangarowa daga cokali, kuma yana da tsami sosai. Ina ganin idan aka sassauta damun ƙulin aka matsa masa lemu, matsalar danƙarewar da Hajiya take tsoro za ta ragu.

Baba daga Maraɗi:
Mu a nan ƙarago muke ce wa ƙuli, kuma ina goyon bayan ɗana na Turkiyya, tsami shi ne abin da yake ɗaga shi. Ga albasa kuwa, wanda ya samu jar albasar garin Galmi na nan Nijar ya samu abin da ya dace da ɗanyen ci. Amma ina so in koma baya ga shi waken kansa, tun kafin ya shiga tukunya. Najeriya da Nijar su ne kan gaba a duniya wajen noman wannan wake, kuma duk mun san babban abokin gabarsa shi ne ƙwaron da yake huda shi a ajiya. Saboda tsoron asara wasu 'yan kasuwa suna zuba masa maganin ƙwari irin su fiya-fiya, kuma saboda ragowar irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga Najeriya a shekarar 2015. A watan Afrilu waken da ke kasuwa ya yi wata biyar ko shida a ajiye, to a shinshina shi kafin a saya. Idan yana warin magani a bar shi. A nemi wanda aka adana a buhun nan mai hawa uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, domin shi rashin iska ne yake kashe ƙwaron ba magani ba. Wake mai huji kuma, ko babu magani, ba ya yin wannan haɗi, domin ta hujin ruwa yake shiga ya farfasa shi.

Uwargida daga Kano:
Allah ya saka da alheri Baba. Saura tambaya ɗaya da take damuna. Wutar unguwarmu ba ta da tabbas, wani lokaci firjin yakan wuni a kashe. Idan na dafa waken da safe, zai kai la'asar?

Mai lambu daga Kura:
Ki gwada tukunya cikin tukunya. Ki samu tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama, ki sa ƙaramar a cikin babbar, ki cika tsakaninsu da yashi ki jiƙa shi, ki rufe da jiƙaƙƙen buhu ki ajiye a inuwa inda iska take kaɗawa. Ruwan da ke fita ta jikin babbar tukunyar yana tafiya da zafi, sai cikin ƙaramar ya yi sanyi. Marigayi Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a Jigawa, shi ne ya yaɗa wannan dabara a ƙauyukanmu har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tana aiki sosai a bazara kafin iska ta ɗauki laima, kuma ni da kaina ina ajiye tumatir da tattasai a ciki su yi kwanaki ba su yi yaushi ba.

Ma'aikaciyar jinya, Kaduna:
Malam, a nan zan rabu da kai kaɗan, kuma ina roƙon a saurare ni da kyau. Tukunyar tana da amfani ƙwarai ga tumatir da kokwamba waɗanda ba a yanka ba, amma dafaffen wake wani abu ne dabam. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a zafin ɗaki, kuma a ajiye shi ko dai ƙasa da digiri 5 ko sama da digiri 60, domin tsakanin waɗannan biyun ne ƙwayoyin cuta suke hayayyafa da sauri. Tukunyar ƙasa tana rage zafi, amma ba ta kusantar digiri 5. Wake kuma abinci ne mai laima mai gina jiki, irin wanda ƙwayoyin cuta suke so, kuma ba kullum ne wanda ya ɓaci yake wari ko yauƙi ba. Lemun tsamin da aka matsa yana ɗan rage musu gudu, amma bai isa a dogara da shi ba. Na taɓa kwana a kan yara uku 'yan gida ɗaya ana ƙara musu ruwa saboda abincin rana da aka ajiye aka ci da dare, uwarsu tana ta rantsuwa cewa ta shinshina ba ta ji komai ba, kuma na yarda da ita.

Don haka idan babu wuta, ki jiƙa waken da safe, ki ɗora shi da misalin sha ɗaya, ki baza a faffaɗan faranti ki ɗora farantin a kan roba mai ruwan randa, cikin rabin awa zai huce. Ki haɗa a ci da azahar, kuma ki auna daidai cikin gida don kada a bar saura. Idan kin samu ƙanƙara, ki sa mazubin a kula tare da ita.

Sai batun wanki. Ke kayanki daga bayan ɗakinki suke, kin san ruwan da suka sha. Amma masu saye a kasuwa su sani akwai lambunan cikin gari da ake ba ruwan kwata, kuma ta irin wannan hanya ake ɗaukar taifot da kwalara da tsutsar ciki. A wanke komai da ruwa mai tsabta kafin a yanka, a ware ganye ɗaya-ɗaya, a fere abin da ake iya ferewa, kuma kada a yanka a kan katakon da aka yanka ɗanyen nama. Ruwan gishiri da khal suna taimakawa wajen fitar da ƙasa da ƙananan ƙwari, amma ba sa kashe duk ƙwayoyin cuta.

Mai lambu daga Kura:
Na karɓi gyara, 'yar'uwa. Tukunya ta riƙe ɗanyun kaya, wake a dafa shi a ranar.

Hajiya mai girkin biki, Zariya:
Ƙari ɗaya ga mai son kore a cikin kwanon. Koren wake da ake kawowa daga Jos yana dacewa da farin wake ƙwarai. A cire kan da gindin, a yanka tsawon gaɓar yatsa, a jefa a tafasasshen ruwa mai gishiri na minti 3 zuwa 4, a tsamo a tsunduma a ruwan sanyi don dahuwar ta tsaya. Shi kada a jiƙa shi a lemu tare da farin waken, domin tsami yana dusashe korensa ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Ya shiga tare da kokwamba a ƙarshe.

Uwargida daga Kano:
Assalamu alaikum, na dawo da labari. Jiya na rage waken zuwa gwangwani 2, na jiƙa bayan asuba, na dafa ba kanwa, kuma sai da ya kai minti 40 kafin tsakiyarsa ta yi laushi, ina jin don tsoho ne. Na zuba lemu da man gyaɗa yana da ɗumi, na baza a tire a kan ruwan randa. Da na zo haɗawa sai na raba gida biyu, rabi na bar shi da lemu da mai kamar yadda Hajiya ta ce, rabi na kwarara masa damun ƙuli mai ruwa-ruwa da na matsa wa lemu da ɗan attaruhu. Waken ya tsaya ƙwaya-ƙwaya, kuma da aka cinye na karkata kwanon ban ga ruwan da ya kai cokali ɗaya ba. Maigida ya fi son na lemu da mai, yara kuwa na ƙulin suka rufar wa, ƙaramar har tana tsince lansir tana ci, ita da ba ta taɓa yarda da ganye ba. Abin da bai yi mini ba shi ne albasar, na yanka ta da kauri, zafinta bai mutu ba. Inna, idan ƙulin na kasuwa ne mai gishiri da yaji a jikinsa, shin kina rage gishirin da ke cikin waken ne, ko kuwa na damun kike ragewa?

Inna daga Katsina:
Na damun, 'yata. Ki ɗanɗani ƙulin tukuna kafin ki sa masa komai, domin na wata mai ƙulin ba ya bukatar ko ƙwayar gishiri. Na cikin waken ki bar shi yadda yake, tunda shi ne ya shiga har ciki. Ni ma na jiƙa nawa yau da safe, kanwar tana nan a gwangwaninta ban taɓa ba, gobe in Allah ya kai mu zan gaya muku yadda muka kwana.